Ɗana zai bar jami'a ya koma kwalejin al'umma don ya shiga Berkeley: ina neman shawara

Baban Amir:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a wannan zaure ban taɓa tofa albarkacin bakina ba, amma yau wata magana ta sha mini kai, kuma na san a cikinmu akwai waɗanda suka fi ni sanin yadda harkar karatu take tafiya a ƙasar nan. Shekararmu 14 a Sacramento, babban birnin jihar Kalifoniya ta Amurka. Babban ɗana yana wata jami'a mai zaman kanta a wata jiha, a watan Disamba zai kammala zangonsa na uku, kuma duk da tallafin da suka ba shi, cikon da nake yi kowace shekara ya kai ni ga cin bashi. A makon jiya ya kira ni ya ce ba zai koma ba bayan hutun Disamba. Yana so ya dawo gida, ya shiga kwalejin al'umma da ke kusa da mu, wato kwalejin gwamnati ta shekara biyu, daga nan ya nemi Jami'ar Kalifoniya, reshen Berkeley ko na Los Angeles. Ya kuma ce zai bar fannin da zai kai shi likitanci ya koma tattalin arziki.

Ban ɓoye muku ba, sakamakonsa na shekarar farko bai yi kyau ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a gida idan aka ce yaro ya bar jami'a ya koma foliteknik, kowa ya san korarsa aka yi. Shin wannan hanya da yake faɗa gaskiya ce, ko kuwa yaro ne ya gaji yake neman mafaka?

Kawu Ɗan Zazzau:
Wa alaikumus salam. Malam, ni shawarata ita ce ka lallashe shi ya zauna inda yake. Yanzu yana da gurbi a hannu, saura masa shekara biyu da rabi ya karɓi digiri. Idan ya bari, babu wanda ya rubuta masa cewa Berkeley za ta ɗauke shi, kuma na ga yaranmu da dama da suka shiga waɗannan kwalejoji da niyyar shekara biyu, suka sami ɗan aikin yi a gefe, suka fara rage darasi, yau shekara biyar ke nan ba su tsallaka ko'ina ba. Kwaleji ce da ba ta matsa wa kowa, wanda ba shi da naci sai ya narke a cikinta. Fannin karatu kuwa ai zai iya canza shi a can inda yake.

Maman Ilham:
Baban Amir, sannu da ƙoƙari. Na yi shekaru ina aikin ba ɗalibai shawara a ɗaya daga cikin waɗannan kwalejoji, saboda haka bari in fara da cire maka maganar kunya, domin kwatancen foliteknik bai dace da tsarin Kalifoniya ba. Tun a 1960, zamanin Gwamna Pat Brown, lokacin da Clark Kerr yake shugabantar Jami'ar Kalifoniya, aka tsara manyan makarantun gwamnati na jihar hawa uku: Jami'ar Kalifoniya, sai jami'o'in jiha, sai kwalejojin al'umma, aka kuma yi shi da gangan ta yadda wanda ya yi shekara biyu a kwaleji zai haura jami'a ya shiga aji uku kai tsaye. A yau kwalejojin sun kai 116, kuma burin da Jami'ar Kalifoniya ta sa wa kanta shi ne, a duk 'yan jiha uku da suka shigo sababbi, ɗaya ya kasance ta wannan ƙofa ya shigo. Idan kana neman abin da ya yi kama da shi a gida, to ya fi kusa da wanda ya yi IJMB ko difloma ya shiga aji biyu ta hannun JAMB, sai dai a nan ƙofar ta fi faɗi. Takardar digirin da zai karɓa ba za ta bambanta da ta wanda ya fara daga aji ɗaya ba.

Amma akwai abin da yara irin Amir suke yawan kuskurewa, kuma shi ne zuciyar maganar. Suna ɗauka cewa komawa kwaleji wanka ne, wato za a buɗe musu sabon shafi. Ba haka ba ne. Takardar neman gurbi tana buƙatar ya bayyana kowace makaranta da ya taɓa zama da kowane darasi da ya ɗauka, har wanda ya faɗi da wanda ya janye, kuma duk darasin da jami'ar ta amince da shi daga tsohuwar makarantarsa za a haɗa makinsa cikin lissafin GPA, wato matsakaicin makin ɗalibi. Wanda ya ɓoye wata makaranta aka gano, ana iya soke gurbinsa ko da ya riga ya fara karatu. Saboda haka kafin kowa ya ce a tafi ko a zauna, ka karɓi takardar sakamakonsa ka faɗa mana abu uku: yunit nawa ya ɗauka (wato ma'aunin nauyin darussa), waɗanne darussa ya sami D ko F, kuma ko akwai darasin manyan aji a cikinsu.

Baban Amir:
Na gode, Hajiya. Sai da na yi da gaske kafin ya turo mini takardar, ashe shi ma kunyar ce take cin sa. Idan aka haɗa da zangon da yake ciki, yunit 45 ne, kuma yana sa ran GPA ɗinsa zai tsaya a 2.6. Ya sami F a darasin lissafi na kalkulas na farko, mai yunit 4, bai maimaita ba. Ya sami D a kemistiri na farko, amma makarantar ta bar shi ya wuce zuwa na biyu, inda ya sami C. Sauran B ne da C, sai A guda biyu, a darasin rubutun Turanci da na gabatarwar tattalin arziki. Ya ce duka na ƙananan aji ne.

Maman Ilham:
To, yanzu muna da abin riƙewa. Ƙa'idar Jami'ar Kalifoniya ita ce, darasin da ɗalibi ya sami ƙasa da C, idan ya maimaita makamancinsa ya ci, sabon makin ne zai maye gurbin tsohon a lissafi, ba a raba su biyu, duk da cewa dole a rubuta dukansu a takarda. Wannan F ɗin na kalkulas ke nan yana da magani. Kemistirin ne ba shi da shi, domin a darussan da suke bin juna kamar lissafi, kemistiri da harsuna, idan mutum ya ci na gaba ba a yarda ya dawo ya gyara na baya ba. Wannan D ɗin zai tafi da shi duk inda ya je.

Bari mu yi lissafin a fili. Yunit 45 a kan 2.6 ya ba da maki 117. Idan ya maimaita kalkulas ya sami A, an ƙara 16 (makin A 4 ne, sau yunit 4), ya zama 133, wato kusan 2.96. Idan kuma ya ɗauki wasu yunit 45 a kwaleji ya riƙe 3.8 a cikinsu, wanda ba ƙaramin aiki ba ne, zai sami ƙarin 171. Jimilla 304 a kan yunit 90, kusan 3.4 ke nan. Mafi ƙarancin abin da jami'ar ke nema ga ɗan jiha 2.4 ne, ga wanda ba ɗan jiha ba 2.8, amma wannan izinin shiga layi ne kawai. Waɗanda Berkeley da UCLA, wato reshen Los Angeles, suke ɗauka galibi makinsu ya haura 3.5 nesa ba kusa ba, kuma tattalin arziki yana cikin fannonin da ake cunkoso a kansu. Ba na cewa ƙofar a rufe take, domin masu tantancewa suna duban yadda makin ɗalibi ya tashi daga baya, kuma akwai gurbi a takardar da zai yi bayanin abin da ya same shi a shekarar farko. Ina cewa ne kada a gina duk shirin a kan waɗannan biyun.

Kawu Ɗan Zazzau:
Ai ga shi Hajiya ta faɗa da bakinta. Yaro zai yi shekara ɗaya da rabi yana cin A a kusan komai, sannan a ƙarshe ya tsaya a matakin da bai kai ba. Ku kuma ƙidaya shekarun: ɗaya da rabi a can, ɗaya da rabi a kwaleji, biyu a jami'a, biyar ke nan maimakon huɗu. Shekara guda ta rayuwar saurayi ba abin wasa ba ce.

'Yar Gusau:
Kawu, da girmanka, ina neman izinin in saɓa maka kaɗan, domin ni na bi wannan hanyar da ƙafata. Na yi shekara ɗaya a wata jami'a a gabashin ƙasar nan, kuɗi ya gagara, na dawo wurin yayata na shiga kwaleji. Abin da Kawu bai sa a lissafi ba shi ne, Jami'ar Kalifoniya ba Berkeley da UCLA kaɗai ba ce. Akwai wani shiri da ake kira TAG, wanda rassa shida suke ba ɗaliban kwalejojin jihar tabbacin gurbi tun kafin a fara tantance kowa: Davis, Irvine, Merced, Riverside, Santa Barbara da Santa Cruz. Berkeley, UCLA da San Diego ba sa cikinsa. Ana cike shi daga 1 zuwa 30 ga Satumba, reshe ɗaya tak mutum zai zaɓa, kowane reshe yana da makin da yake nema da fannonin da ya cire daga shirin, sannan a cike babbar takardar neman gurbi kafin ƙarshen Nuwamba, inda ake iya ƙara Berkeley da duk wanda ake so. Ni ta nan na shiga Davis, kuma daga Sacramento zuwa Davis tafiyar kusan minti ashirin ce a mota. Amir zai iya yin digirinsa yana cin tuwon mahaifiyarsa.

Baba, abin da nake so ka ja kunnensa a kai shi ne abin da ya ci mini shekara guda. Da na zo, na ɗauka darasin rubutun Turanci da na yi a tsohuwar jami'ata ya biya buƙata, wani ma'aikaci ya leƙa takardata a tsaye ya ce babu matsala, ni kuma ban nemi a rubuta mini ba. Sai da lokaci ya ƙure na gane ba a ƙidaya shi yadda na zata ba. Dalili kuwa, shafin ASSIST da kowa yake dogara da shi don sanin wane darasi ne yake daidai da wane, makarantun cikin Kalifoniya ya ƙunsa, babu na wasu jihohi. Darussan da Amir ya yi a can sai an zauna an duba su ɗaya bayan ɗaya. Kafin ya tattara kayansa a Disamba, tun kafin a rufe masa shafinsa na ɗalibi, ya sauke manhajar kowane darasi da ya yi, da sunan littafin da aka karantar da jerin batutuwan kowane mako. Ni sai da na riƙa bin malamai da saƙon imel bayan shekara biyu, wani ya amsa, wani ya riga ya bar aiki.

Baban Amir:
Allah ya yi miki albarka, 'yata. Amma akwai abin da ban gane ba. Idan yunit 60 ake nema don shiga aji uku, kuma yana da 41 da ya ci, me zai hana ya yi zango ɗaya da ɗan kari a kwaleji ya wuce? Me ya kawo maganar shekara ɗaya da rabi?

Maman Ilham:
Tambaya mai kyau, kuma amsarta kashi biyu ce. Na farko, fifikon da jami'ar take bayarwa na ɗaliban kwalejojin Kalifoniya ne, kuma ba a ɗaukar mutum a matsayin ɗayansu sai ya yi aƙalla yunit 30 da jami'ar ta amince da su a kwalejin jihar, kuma ya kasance kwalejin ce makarantar ƙarshe da ya zauna a zango na sosai, ban da na bazara. Wanda ya nema kai tsaye daga jami'a mai zaman kanta yana bayan layi. Wannan shi ne ainihin hikimar abin da Amir yake son yi, ko ya san da haka ko bai sani ba. Na biyu, kalanda ce. Berkeley da UCLA a zangon kaka kaɗai suke karɓar masu canjin makaranta, kuma ana nema ne kusan shekara guda kafin shiga. Idan ya fara kwaleji a Janairu, zai nema a Satumba da Nuwamba na wannan shekarar, ya sabunta makinsa a Janairu na gaba, amsa ta fito wajejen Afrilu, ya shiga a watan Agusta ko Satumba. Babu yadda za a gajarta wannan.

Akwai kuma dalilin da ya sa jinkirin da Kawu yake so yana da nasa haɗarin. Duk yawan yunit na ƙananan aji da mutum ya tara a wajen Jami'ar Kalifoniya, 70 kaɗai za a ƙidaya masa, saboda haka ko Amir ya kai 90 ba zai wuce iyaka ba. Amma yunit na manyan aji a kan wannan 70 ɗin ake ɗora su, kuma wasu rassan ba sa ɗaukar wanda ya tara da yawa har ya zama kamar ɗan ajin ƙarshe. Idan ya ƙara shekara a can ya fara darussan aji uku, sannan ya ce zai dawo, yana iya tarar da ƙofar ta ƙuntata. In zai fita, yanzu ne lokacin.

Hajiya Babba:
Ni ta fuskar aljihu zan yi magana, tunda mai tambaya ya ambaci bashi. Kuɗin kwalejin al'umma ga ɗan jiha dala 46 ne kowane yunit, wato yunit 15 a zango bai wuce dala 690 ba, ban da littattafai da ƙananan kuɗaɗe, kuma akwai yafiyar wannan kuɗin ga masu ƙaramin ƙarfi. Alhaji, ka gwada wannan da abin da kake turawa yanzu, sai ka ga ko shekarar da Kawu yake jin takaicinta ba ta biya kanta ba. Abu biyu ne dai zan ce a kiyaye. Ku je ofishin rajista da takardun harajinku na jiha tun da wuri, domin yaron ya yi shekara ɗaya da rabi a waje, kada a rubuta shi baƙo a caje shi kuɗin baƙi. Sannan idan yana karɓar tallafin Pell na gwamnatin tarayya, a sani cewa zango 12 ne iyakarsa a rayuwar mutum, uku sun riga sun tafi. Idan kuma akwai rancen karatu na gwamnatin tarayya a kansa, kada ya zauna haka nan wata shida ba rajista, domin daga nan ake fara neman biya.

Ɗan Maraɗi:
Gafara dai, iyaye, ina da tambaya a kan wannan hanyar, amma ta ɗalibin da ya zo da bizar karatu. Ƙanena yana wata jami'a a nan da biza F-1 kuma shi ma kuɗi ya fara yi mana nauyi. Shin zai iya yin abin da Amir yake shirin yi ba tare da ya koma Yamai neman sabuwar biza ba?

'Yar Gusau:
Yaya, zai iya, na yi karatu da da yawa irinsa, musamman waɗanda suka fito daga kwalejojin De Anza da Santa Monica. Kwalejin za ta ba shi gurbi, tsohuwar makarantar ta miƙa mata bayanansa na SEVIS, wato rajistar gwamnati ta ɗaliban ƙasashen waje, ita kuma ta fitar masa da sabuwar takardar I-20 ta shaidar ɗalibta, kuma dole ya riƙe aƙalla yunit 12 kowane zango. Kada ya daina zuwa aji kafin ya zauna da jami'in ɗaliban ƙasashen waje na makarantarsa. Sai dai lissafin Hajiya Babba bai shafe shi ba, domin kuɗin baƙi zai biya a kwalejin, wanda ya ninka na ɗan jiha sau da yawa, kuma idan ya haura Jami'ar Kalifoniya akwai ƙarin kuɗi mai nauyi da ake ɗora wa wanda ba ɗan jiha ba. Ku lissafa shekaru biyun ƙarshe tukuna kafin ku motsa.

Kawu Ɗan Zazzau:
Na karanta duka, kuma na yarda ban san da maganar yunit na manyan aji ba, haka nan ban san Davis tana ba da tabbaci a rubuce ba. Amma har yanzu ban sauka daga abu ɗaya ba. Duk lissafin da Hajiya ta yi ya rataya ne a kan yaron da ya faɗi kalkulas zai dawo ya ci A a cikinsa, kuma tattalin arzikin da yake gudu zuwa gare shi lissafi ne tsagwaronsa a wannan matakin. Babu wanda ya tambayi me ya kayar da shi tun farko. Idan kaɗaici ne da sanyi da fannin da ba ya so, dawowa gida magani ne. Idan kuwa tushen lissafinsa ne mai rauni, ko wasa ne, to canjin makaranta ba zai canza komai ba, sai ma ya rasa gurbin da yake da shi. Malam, kafin ya sa hannu a takardar barin makaranta, ya tambaye su ko suna ba da hutun karatu na zango ɗaya ko biyu, yadda idan abin bai yiwu ba zai sami wurin komawa.

Maman Ilham:
A nan ina tare da Kawu ɗari bisa ɗari. Jami'o'i da yawa suna ba da irin wannan hutun, sai dai a tambaya ko sun yarda ɗalibi ya yi karatu a wani wuri a lokacin, da kuma ko tallafinsa zai jira shi. Ya kuma tabbatar ya gama wannan zangon da kyau, ya fita ba tare da bashin makaranta ko wani tabo a fayil ɗinsa ba. A zangon farko ina ba da shawarar kada ya ɗora wa kansa kaya: kalkulas, darasin rubutu na biyu, da biyu daga jerin darussan gama-gari da ake kira Cal-GETC, wanda ya maye gurbin IGETC daga kakar 2025. Sakamakon kalkulas a watan Mayu zai gaya muku gaskiyar da babu ɗayanmu da zai iya faɗa yanzu.

Baban Amir:
Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Daren jiya mun yi waya da shi fiye da sa'a guda, na karanta masa abin da kuka rubuta, har da na Kawu, wanda ya fi sa shi yin shiru. Ya ce tun makon farko ya ɓace a kalkulas, ajin ya fi mutum ɗari biyu, kuma ya ji nauyin zuwa wurin malami domin kada a ga kamar bai cancanci zama a wurin ba. Likitancin kuma ya ce ni ne nake so, shi bai taɓa so ba, kuma ban iya musa masa ba. Ya yarda zai nemi hutun karatu maimakon fita gaba ɗaya, ya kuma fara sauke manhajojin darussansa. Inda muka rabu shi ne TAG: ni na ce Davis, shi yana cewa Santa Barbara, wai ya ji sashen tattalin arzikinsu yana da ƙarfi. Hajiya, ya ce in tambaye ki ko wannan D ɗin na kemistiri zai hana shi TAG ɗin gaba ɗaya, ko kuwa makin jimilla kawai ake dubawa.

Maman Ilham:
Wannan ya danganta da reshen, domin kowanne yana da nasa sharuɗɗan a kan tsofaffin D da F, kuma ana sabunta su kowace shekara. Ya buɗe sharuɗɗan Davis da na Santa Barbara na shekarar da zai nema, ya buga su a takarda, ya kai su tare da takardar sakamakonsa cibiyar masu canjin makaranta ta kwalejin a makonsa na farko. Wakilan rassan suna zuwa can suna ganawa da ɗalibai. Duk amsar da wakilin ya ba shi a kan kemistirin, ya roƙe shi ya turo masa ita ta imel.